Motar Alhaji Ilu da Ba a Taɓa Turawa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga motar Alhaji Ilu ya san ba a shigarta da takalmi. Shi kansa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe nasa, ya karkaɗe wannan ƙafa, ya karkaɗe waccan, ya yi bisimilla, sannan ya zauna ya kama sitiyari. In kai baƙo ne ba ka san doka ba, ba zai ce maka uffan ba, ƙafarka kawai zai zuba wa ido har ka tsargu ka sunkuya. Na ga ya yi wa dagaci haka. Na ga ya yi wa wani babban ma'aikaci da ya zo daga Kano da takalmi mai igiya, mutumin nan ya durƙusa a gaban jama'a yana kwance igiya yana gumi, Alhaji na tsaye yana jiransa hankali kwance.

Tsofaffin cikinku sun san ni, amma saboda jikoki bari in faɗi ko ni wane ne. Ni ne Isyaku, taubashinsa. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, don haka tun ina ƙarami nake da izinin tsokanarsa, kuma wallahi ban yi wasa da izinin nan ba. Ya girme ni da shekara goma, amma ba mai hana ni. Shi yana ce mini ɗan Gwaggo, ni ina ce masa ɗan Kawu. A lokacin da nake ba ku labari ni malamin firamare ne a Ajingi, shi kuwa yana sayen gyaɗa a Gaya, a shekarun da gyaɗa ke da daraja, kafin farin nan ya zo ya durƙusar da ita.

Motar a hannun wani Bature ya saye ta, manajan wani kamfanin gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Shuɗiya ce, ƙirar Jamus, mai ƙofa huɗu da kujerun fata. Ba ta kai girman motocin manyan gari ba, amma ta fi su kyan gani, ga ta a kwance kamar za ta zabura. Don gudu aka yi ta, lambobin agogon gudunta har sun haura ɗari. Ranar da ta shigo Gaya, masu awo suka bar mudu a cikin gero suka fito kallo.

Sai kun san zamanin za ku gane abin da ya sa Alhaji yake taƙama. A wancan lokaci duk motar da ke bin hanyar Gaya turi take sha. Direba ba ya tsayawa sai a kan gangara, fasinja kuma ya san in ya hau mota to ya ɗauki aikin turi, ko da kuwa da sabuwar riga ya fito. Shi ya sa maganar Alhaji guda ɗaya ce, safe da yamma, a wurin suna ko a wurin gaisuwar mutuwa: "Tunda na saye ta ba a taɓa tura ta ba." Bai yi alfahari da rumbunansa ba, bai yi da aikin hajjinsa ba, da wannan kaɗai yake yi. Ni kuwa na ci alwashi a gaban majalisar ƙofar gidansa cewa sai na ga ranar da za a tura motar nan da idona, kuma ran nan sai na sa an yi shela a kasuwa.

Hujjata a fili take. Motar da ba ta fita, ina za ta lalace? Mahaifinsa mai kiwon dawaki ne, a hannunsa ya tashi, saboda haka kiwon doki yake yi wa motar. Ya gina mata ɗaki na musamman da ƙyaure biyu, ya sa aka ɗinka mata mayafi na atamfa. Kowace safiya sai ya fito da ita kilisa, ya zaga bayan masallaci, ya bi ta bakin kasuwa ya dawo, ya bar ta ta sha iska kafin ya mayar da ita ciki. Idan rana ta take ba ta fita. Idan hadari ya haɗo ba ta fita. Sabgoginsa na cikin gari kuwa a kan tsohon kekensa yake yi. In har tafiya ta kama, allurar nan ba ta wuce mil talatin, ko me za ka ce masa. Na taɓa tambayarsa amfanin sauran lambobin, ya ce ado ne, ai ita ma riga ana yi mata aiki a inda ba ya tare sanyi.

Akwai kuma saurare. Idan ya tayar da ita da safe sai ya ɗaga murfin inji, ya karkata kai, ya ɗaga hannu ɗaya sama, kowa a gidan ya yi tsit har masu daka. Wai motar tana gaya masa yadda ta kwana. Wata rana wani zakara ya yi cara a tsakiyar sauraren. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dube shi kawai. Da azahar aka aiko mana da farfesu har Ajingi.

Ga labarin ɗaurin auren Wudil, wanda har yau wasu ba su yafe ba. Ya ɗauki dattawa huɗu na dangi, kowa ya sha babbar riga da rawani. Al'adarsa ita ce a tara takalman fasinja a buhu a sa a bayan mota. Ran nan aka tara su lafiya lau, aka jingine buhun da bangon zaure, Alhaji ya tsaya goge wani tabo a gilashi, ya shiga ya ja mota. Sai da aka isa Wudil, rana ta kai tsaka, yashi ya ɗauki zafi, aka buɗe bayan mota ba komai sai tayar ko-ta-kwana. Dattawan nan suka ratsa filin ɗaurin aure suna ɗage-ɗagen ƙafa, ga dangin amarya a zaune suna kallo. Baffa Hamza, wanda shi ne waliyyin ango kuma mutum ne mai zuciya, ya juyo zai fara balbale shi.

Alhaji ya ce, "Baffa, takalma suna Gaya lafiya, mu muna Wudil lafiya. Mene ne ya ɓata?"

Baffa Hamza ya ce a motar haya zai koma. Ya kuwa hau ta ba takalmi, ta mace musu a hanya, ya yi turi a kan burji da tafin ƙafarsa. Alhaji ya zo ya wuce su a hankali da mil talatin ɗinsa, ya ɗaga masa hannu.

Shekarar da gwamnati ta ce a bar tuƙi ta hagu a koma dama, na ce to ga ranata ta zo, don na san ɗan Kawu ba ya sauya hali. Wata biyu cur motar ba ta taka kwalta ba. Da ya ga dai ba za a janye dokar ba, sai ya fito ya kama tsakiyar titi. Kwaltar lokacin siririya ce, in motoci biyu suka haɗu kowa sai ya sauke tayoyi biyu a kan tsakuwa. Alhaji ba ya saukewa. Da ya hango babbar mota sai ya taka birki ya tsaya cak a tsakiya, ya harɗe hannu, sai direban ya gama zage-zagensa ya kewaye shi ta cikin ciyawa. Wani ɗan sanda ya tsayar da shi kusa da gadar Wudil, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa hannun dama aka ce.

Ya ce, "Na ji, yaro. Bara hagu kuka ce. Ina nan tsakiya har ku gama shawara."

Ɗan sandan ya sara masa ya ce ya wuce.

Sau ɗaya na kusa cin nasara. Da rani ne, ranar kasuwar Ajingi, hanya ta bushe har Alhaji ya yarda ya zo da motar. Ina cikin aji da hantsi sai ga mai gadin makaranta ya leƙo ya ce motar Alhaji Ilu ta mace a bakin kasuwa. Allah ya yafe mini, alli na jefar na bar 'ya'yan mutane da lissafi a allo, na fita da gudu. Na tarar da ita a tsaye daidai mashigar jakuna. Samari sun naɗe hannun riga suna jiran a ce su kama, shi kuwa Alhaji yana zagaya ta da sanda yana cewa duk wanda ya ɗora mata hannu zai gane kurensa. Wai ba macewa ta yi ba, mai ne ya ƙare, kuma laifinsa ne shi da ya manta, ba nata ba.

Na matso da muryar tausayi na ce, "Ɗan Kawu, ba turi za a yi ba. Ɗan gusar da ita za a yi zuwa inuwar can, kada rana ta ci fentin."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa wa motar a ka, ya zauna a kan dutse daga shi sai 'yar shara, ya aiki wani mai keke Gaya ya kawo galan na mai. Tun hantsi yake zaune a ranar nan har la'asar. Masu jakuna suka riƙa kewayawa ta cikin rumfar masu tukwane, ana ta rigima, ko a jikinsa. Da man ya iso aka zuba, murɗa makulli ɗaya ya yi ta tashi. Ya sauke gilashi ya ce, "Ɗan Gwaggo, koma aji. Yau ma babu."

Na kai ƙara majalisa cewa wannan ma ai tsayawa ce, a ƙirga ta. Dattawa suka yi kwana uku suna muhawara a gindin ceɗiya, suka yanke cewa magana a kan turi take, kuma ba wanda ya tura. Na ji haushin hukuncin nan ƙwarai, har na yi sati biyu ban je Gaya ba.

Sai daminar da ruwa ya dawo sosai bayan shekarun fari. Ina da gona wajen Gafasa, nakan je ranar da ba makaranta. Ina cikin cirar ciyawa da hantsi kububuwa ta sare ni a idon sawu. Maƙwabcin gonata, Malam Sani, ya ɗaure mini ƙafar da rawaninsa, ya ja ni gindin bishiya, ya hau babur ɗina ya nufi Gaya, don duk yankin ba wata mota da za a samu a ranar. Ina kwance ina kallon ƙafa tana kumbura, ina ce wa kaina aikin banza Malam Sani ya tafi yi. Tsakanin titi da gonar akwai fadama, ruwa ya kwanta a cikinta, ko manyan motoci sun daina bi. Mutumin da ba ya fitar da mota in hadari ya haɗo, shi zai shigo da ita nan? Na fara kalmar shahada, ina tunanin 'ya'yana.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba, sai na ji ƙarar inji. Na ɗaga kai na ga shuɗiyar nan tana tahowa ta cikin gonakin mutane, taɓo ya rufe ta har gilashi. Alhaji ya fito ko hula babu. Ya tura Malam Sani Ajingi ya gaya wa iyalina, shi kuma ya cicciɓe ni shi kaɗai ya kwantar a kujerar baya, jini na tsattsafowa daga dasashina yana ɗiga a kan fatar nan da yake gogewa da auduga. Bai ko kalla ba.

A dawowa ne fadamar ta kama mu. Mun kai tsakiya ruwa ya shiga inji, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ba labari. Ya fita cikin ruwa har gwiwa, ya ɗaga murfin, ya goge wayoyi da bakin rigarsa, ya dawo ya yi ta murɗawa har batir ya fara sanyi. Ina jinsa yana lallashinta ƙasa-ƙasa. Daga nan ya saki makullin. Ba kowa a wurin, ga rana tana yi, ga ƙafata ta zama kamar turmi.

Can sai ga wasu matan Fulani su huɗu da ƙoren nono a ka, sun ɗage zane suna ratsa ruwa za su kasuwa. Idona a rufe yake amma kunnena na ji. Na ji Alhaji Ilu da bakinsa yana cewa, "Bayin Allah, don girman Allah ku taimake ni ku tura mini motar nan. Ɗan'uwana ne a ciki, maciji ya sare shi."

Suka sauke ƙorensu a kan tudu suka kama. Suka fitar da ita daga ruwa da ƙyar, suka ci gaba da turawa a kan busasshiyar ƙasa, shi yana ciki yana cewa su ƙara, su ƙara. Ta yi tsalle sau ɗaya ta kama. Bai iya tsayawa ya yi musu godiya ba don kada ta sake mutuwa, hannu kawai ya fitar ta taga.

Da muka hau kwalta na san abin da aka yi motar nan dominsa. Shekara da shekaru ina yi mata dariya, ashe ban taɓa ganinta ba. Bishiyoyi suka riƙa wucewa kamar ana fizge su, ya bi hannun dama tsaf yana danna oda, manyan motoci na kauce masa. Ko a cikin zafin ciwo sai da tsoro ya kama ni, na ce masa ya rage kada abin da maciji bai ƙarasa ba shi ya ƙarasa. Ya ce in rufe masa baki in yi salati. Kafin la'asar ina kan gadon asibiti a Kano, ana yi mini allura.

Kwanana tara a asibiti. A rana ta huɗu hankalina ya dawo sosai, na buɗe ido na gan shi zaune a kan benci da ƙullin lemo a cinya. Abin da na shekara bakwai ina nema ya zo hannuna, ga shi na ji da kunnena, amma ko kusa ban ji daɗi ba. Kunya ce ta rufe ni. Na san ba shi da wani abin taƙama a duniya da ya kai maganar nan, kuma saboda ni ya zubar da ita a fadama. Matan nan ba su san shi ba, ba su san ni ba. In na yi shiru, ba mai sani har abada.

Na ce, "Ɗan Kawu, abin da ya faru a fadama ya tsaya tsakanina da kai."

Ya ce, "Ka makara. Na gaya wa 'yan majalisa tun shekaranjiya."

Na ce don me.

"Tambayata suka yi yadda muka ƙetare. Ƙarya zan yi da furfurata?" Ya ɗaga mayafi ya leƙa ƙafar. "Likita ya ce ba za a yanke ba?"

Na ce haka ya ce.

Ya ce, "To shi ke nan." Ya ɓare lemo ya miƙo mini, ya ƙara da cewa in sani dai laifin ruwa ne.

'Yan majalisa ba su raga masa ba, don su ma sun daɗe suna jira. Da zarar mai tallan nono ta ɓullo sai wani ya ce, "Alhaji, ga bakanikenka nan tafe." Sai ya yi murmushi ya kira ta. Abin da ya dame shi shi ne bai riƙe fuskar ko ɗaya daga cikin matan nan huɗu ba, kuma bai yi musu godiya ba. Saboda haka ya yanke wa kansa cewa duk mai nonon da ta bi ta ƙofar gidansa sai ya saya, ko da ita ce. Haka ya yi ta yi har tsufa ya kwantar da shi. Iyalinsa sun sha fura da nono har sun gaji, maƙwabta ma sun gaji, 'ya'yansa da ke zaune a nan su ƙaryata ni in ƙarya nake yi. Motar kuwa ya wanke ta, ya kai ta Kano aka duba, ta ƙara yi masa shekaru masu yawa tana aiki lafiya. Maganarsa ce dai bai sake faɗa ba ko sau ɗaya.

Ni ma ban yi shelar ba. Na ci gaba da tsokanarsa a kan rowarsa da taurin kansa da kekensa mai ƙara, har ranar da na je duba shi ta ƙarshe sai da na sa shi dariya. Amma a kan fadama bakina bai taɓa buɗuwa ba. Na ƙaunaci mutumin nan, kuma ban taɓa gaya masa ba, don tsakanin taubasai ba a saba irin wannan magana ba.

Ranar da ya rasu yara suka ce in zauna a gida, wai tsufa ya kama ni, maƙabarta da nisa. Na ce su ba ni wuri. Da ƙafar nan na taka har bakin kabarinsa, na sa kafaɗata a makara gwargwadon ƙarfina.

Allah ya jiƙan ɗan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya zo mini a ranar da na fid da rai, Allah ka sa rahamarka ta zo masa haka. Amin.